Injin nawa ne, amma mabuɗinsa yana hannun wasu

Mai Casa, Gombe:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, amma sai na ba ku labari tukuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina casar shinkafa. Da injin fidda tsakuwa da na cire ɓuntu da na gogewa na fara, kuma duk cikinsu babu wanda zai yi gardama da safe mu kasa kwance shi mu ɗaure kafin la'asar. Bara na sayi injin tantance launi, irin wanda shinkafa ke gangarowa ta kwararo, kyamara na kallon kowace ƙwaya, in ta hango baƙa ko ja sai iska ta hure ta gefe. Ranar da aka fara kunna shi na ɗebi shinkafar a tafin hannu na fita da ita wajen haske, na juya na juya ban ga baƙa ko ɗaya ba. Dillalan da ke yi mini ragi saboda tsinta suka daina.

Ƙarshen Janairu, kasuwa na tsakiyar ci, yaro ya kunna da safe sai allon ya kawo rubutu yana neman lambar sirri. Kuɗinsu kuwa na biya tas, ba sa bin na ko sisi. Wakilin da ya sayar mini ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, sai daga can ƙasar Sin. Can kuma suna hutun sabuwar shekararsu. Kwana tara injin yana tsaye, turararriyar shinkafa jibge a ƙasa, direbobi na kwana a ƙofa. Da suka dawo aiki sai ya zamana wani ɗan batir ne kamar na agogo ya mutu a ciki, kwanan wata ya rikice, manhaja ta ɗauka lasisi ya ƙare. Mutumin ya shiga injin ta intanet daga inda yake, ina tsaye ina kallon kibiya tana yawo a kan allo ba hannun kowa, cikin minti ashirin ya gama. Wallahi wannan minti ashirin ta fi kwana taran tsorata ni. Wanda zai iya buɗe shi daga can ai zai iya rufe shi daga can.

Yanzu ga shi an kawo mini tayin a haɗa duka layin, daga tukunyar turara zuwa ɗinkin buhu, komai ya riƙa magana da juna, ni kuma ina gani a waya. In shiga ko in tsaya?

Mai Naɗin Kwayil, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka tsaya inda kake. Mota mai juya inji in ta ƙone ka kawo mini, in cire tsohuwar waya in naɗa sabuwa, in shafa banish, gobe ka ɗauka. Amma allon lantarki na waɗannan sababbin injinan in ya ƙone sai dai ka riƙe shi a hannu kana kallo. Wasu ma an zuba musu ƙaro an rufe, ko lambar da ke jikin kayan an goge don kada a gane. Kayan aro ba ya rufe katara.

Injiniya, Bauchi:
Alhaji sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Ni aikina ke nan, haɗa injina da rubuta musu umarni, don haka ba zan ce ka guje su ba. Sai dai ina so mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai inji mai sarrafa kansa, akwai kuma inji mai jone da waje. Na farkon tsohon abu ne. Ƙaramar kwamfutar da ake kira PLC, wadda ke cewa wannan mota ta tashi waccan ta tsaya, tun ƙarshen shekarun 1960 aka ƙirƙiro ta a Amurka saboda masana'antun motoci. Ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Sabon abin shi ne a jona ta da waje, na'urorin jin zafi da girgiza da laima su riƙa tura bayani, wata manhaja a nesa tana nazari. Wannan ne Jamusawa suka yi wa laƙabi da juyin masana'antu na huɗu a bajekolin Hanoba na 2011.

Abin da ya same ka ba batir ne ya jawo shi ba. Takardar ciniki ce. An sayar maka da ƙarfe an riƙe umarnin da ke tafiyar da ƙarfen. Duk wanda zai sayi irin wannan inji, kafin ya biya kaso na ƙarshe ya tabbatar an rubuta za a ba shi lambar sirri ta matakin injiniya, ba ta mai kunnawa kawai ba, da kwafin firogiram ɗin a ajiye, da zanen wayoyin fanel, wato akwatin kayan lantarkin injin, a harshen da yaransa ke karantawa. Kuma a rubuta ƙarara cewa babu makullin lokaci a ciki. Masu sayarwa kan saka shi ne don wanda ya saya bashi, in bai biya ba inji ya tsaya, sai a manta ba a cire ba, ko a ƙi cirewa.

Mai Casa, Gombe:
Injiniya na gode. To in na nemi lambar suka ce garanti ya faɗi fa? Haka wakilin ya ce mini.

Injiniya, Bauchi:
Garantin ai shekara ɗaya ne yawanci, Alhaji, injin kuma kana fatan ya yi maka goma. A yarda su riƙe har garanti ya ƙare, ranar da ya ƙare su miƙa. In suka ƙi rubuta wannan, ka san irin mutanen da kake ciniki da su tun kuɗinka na aljihunka.

Bappa, Bajoga:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki duk da ban iya rubutu da sauri a waya ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a babbar masana'anta kafin in ajiye aiki, na ga zamanin da mutum ke tsayawa gaban bawul yana murɗawa da hannu, na kuma ga zamanin da aka tattara komai cikin ɗaki ɗaya mai sanyi da alluna. Duk kuna maganar lambar sirri, ni kuwa wuta zan yi muku magana a kai, don ita ce uwa.

Tsohon inji in wuta ta yi ƙasa sai ya yi nishi ya ci gaba da juyawa. Sabon nan ko ƙiftawar ido wuta ta yi, kwamfutarsa ta mutu ta sake tashi, layi gaba ɗaya ya tsaya da kaya a cikinsa. Sai an kwashe, an share, an fara daga farko. In kuma layin wuta ɗaya cikin ukun da ke shigowa inji ya ɗauke, ko wuta ta dawo da ƙarfi, to na'urar da ke saita gudun mota ita ce ta farkon tafiya. Ku dubi kamfanin siminti na Ashaka da ke nan kusa da mu, wanda ya fara aiki tun 1979. Sai da ya gina tasharsa ta wuta mai megawat 16 da ke cin kwal ɗin Maiganga. Manyan masana'antun ƙasar nan kusan duk haka suke, kowa da wutarsa. Su da suke da ƙarfi ke nan. Kai mai injin casa da janareta ɗaya, wanda ake kashewa a zuba mai a sake tayarwa, da me za ka riƙe layin da ba ya son ƙiftawa?

Ba mu manta da Afrilun 2024 ba, da aka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu har Yola da Jalingo. Oktoban shekarar kuma kusan Arewa gaba ɗaya ta yi fiye da mako babu wuta. Ga madatsar Dadin Kowa da megawat 40 a bayan gidanmu. Ni dai abin da zan ce, wanda zai zuba kuɗi a inji mai wayo, ya fara zuba wa wutarsa.

Adda Mai Ruwa, Yelwa:
Bappa Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi abin da ke raina. Ni ruwan leda da na roba nake yi a Bauchi. Injin cika roba da na saya yana da na'urar da ke ƙirga kowace roba ya turo mini adadi a waya. Wata ukun farko na ji daɗinsa ƙwarai, don a nan na gane ashe abin da ke fita daga inji da abin da ke isa sito ba ɗaya ba ne, kuma ba sai na tsaya rantsar da kowa ba. Wannan amfanin ba zan ɓoye shi ba. Amma tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, lissafina ya canja. Injin yana son ɗaki mai sanyi saboda fanel ɗinsa, yana son sitabilaiza, yana son batir na ko-ta-kwana. Waɗannan duk ba a faɗa mini su ranar ciniki ba. Sai da zafin Maris da Afrilu ya zo, fanel ya riƙa kashe kansa da azahar, sannan aka ce ai dama ba a yi shi don irin zafinmu ba.

Injiniya, Bauchi:
Adda gaskiya ne, yawancin waɗannan na'urori an auna su ne su yi aiki sosai har digiri 40, sama da haka ƙarfinsu na raguwa. Mu kuwa a bazara inuwa ma kan kai haka, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano. Ga ƙurar hunturu. Na taɓa buɗe fanel a wani injin niƙa, tacen fankarsa ya zama kamar bargo, ka sa yatsa ka ɓamɓaro shi a dunƙule. Mai wurin yana ta neman a canja masa kayan dubban ɗaruruwa, alhali buroshi da iska kawai ake buƙata duk Juma'a.

Alhaji, kai ma ka duba kwamfiresarka. Injin tantance launi da busasshiyar iska yake rayuwa. In ruwa ko mai ya bi bututu ya shiga ƙananan bawul ɗin da ke hura iska, za su fara maƙalewa ɗaya bayan ɗaya, ka ga baƙar ƙwaya na wucewa ko mai kyau na zuba cikin shara. Ka sa yaro ya riƙa buɗe ƙasan tankin kullum da safe yana zubar da ruwan.

'Yar Pantami:
Ina ta karantawa ban ga wanda ya tambayi abin da ya dame ni ba. Alhaji, don Allah kafin injin nan su wa ke yi maka tsinta? A unguwarmu mata nawa ne ke karɓar buhu su baza a faifai su tsince, a biya su, su sayi omo da kuɗin makarantar allo? Akwai zawarawa a ciki, akwai masu marayu. Gwaggona da wannan ta riƙe 'ya'ya biyar. Yanzu an ce za a haɗa har ɗinkin buhu da lodi. To samarin da ke dako fa? Kuna maganar injin da ya tsaya kwana tara, su kuma aikinsu ya tsaya ke nan har abada.

Mai Casa, Gombe:
Ƙanwata, tambayarki ta taɓa ni, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Mata goma sha biyu ne ke karɓar tsinta a wurina. Yanzu huɗu suka rage, suna sake tsince abin da injin ya ware gefe, don akwai mai kyau da ke bin shara. Sauran takwas babu. Amma ki sani, da ban sayi injin ba da yanzu na rufe, don shinkafar manyan kamfanoni ta cika kasuwa fes ba tsakuwa, mai saye kuma ba ya tambayar wa ya tsince. Da na rufe, har huɗun da masu dako da direbobi da manoman Dadin Kowa da nake sayen shanshera a hannunsu duk sun rasa. Ban ce wannan ya wanke ni ba. Yana cikin abin da ya sa nake jan ƙafa a kan sabon tayin.

Malamin Kwaleji, Bauchi:
Maganar 'Yar Pantami babba ce, kada a wuce ta da sauri. Sai dai ina roƙon mu tuna abin da ya kashe ayyuka a Arewa. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki dubban mutane ba mutum-mutumi ne ya kore su ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina da kayan fasa-ƙwauri ne suka rufe su. A nan Bauchi an kafa masana'antar harhaɗa tarakta da manyan motoci ta Steyr a shekarun 1970, zamanin da aka kafa irinta a Kano da Kaduna da Ibadan da Inugu da Legas. Sassan a akwati suke zuwa daga Turai, mu namu ɗaurewa. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi daga 1986, sai akwatunan suka daina zuwa yadda suka saba. Abin da nake tsoro shi ne mu maimaita wannan da sabon salo: da can kusoshi da giya ne ke hannun wasu, yanzu manhaja ce. Kun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ke biyan lasisin manhaja da dala shekara-shekara ya san abin da wannan ke nufi.

Ƙasar Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumi sama da 1,000 ga kowane ma'aikaci 10,000 a masana'antunta, amma ba ta cika da marasa aiki ba, domin su ke ƙera injinan, su ke rubuta manhajar, su ke gyara. Aikin ya tashi ne daga wani hannu ya koma wani hannu a cikin gida. Mu in ya tashi daga hannun gwaggon 'Yar Pantami, ƙetare yake tafiya. A nan ciwon yake.

'Yar Pantami:
Malam na ji, Allah ya saka. Amma mace mai shekara hamsin ba za ta koma aji ta koyi rubuta manhaja ba. Ko da aikin ya tsaya a gida, ba hannunta zai dawo ba. Ina so masu injina su riƙa faɗin wannan da bakinsu, su kuma yi wani abu a kai, ko da jarin ƙuli-ƙuli ne ko sayar musu da ɗan karyayyar shinkafa a farashin sari su riƙa kasawa.

Mai Casa, Gombe:
Wannan na karɓa. Karyayyar dama masu tuwo da masu waina ke saye, zan fara da takwas ɗin nan in sha Allah, su ɗauka su sayar su kawo kuɗi.

Ɗaliba, Kashere:
Iyayena da yayyena ku yi haƙuri in shigo, ni ƙarama ce a nan, kimiyyar kwamfuta nake karanta. Baba Mai Casa ya ce kibiyar da ta yi yawo a allo ta fi tsorata shi, kuma yana da gaskiya. Ƙofar da mutumin ya shigo ta ita, yanzu a buɗe take ko a rufe? Yawancin waɗannan injina harshen da suke magana da juna tsoho ne. Akwai wanda ake kira Modbus, tun 1979 aka yi shi, ba ya tambayar waye kai, duk wanda ya ba da umarni bi ake yi, domin lokacin ba a yi zaton wani zai iso wayar daga wata ƙasa ba. Kwamfutocin da ke jikin injina da yawa kuma Windows 7 ne ko ma XP, waɗanda Microsoft ta daina toshe musu ɓaraka tun 2020 da 2014.

Ba ƙananan wurare kaɗai abin ke samu ba. A ranar 1 ga Maris 2022 Toyota ta tsayar da duka masana'antunta 14 na Japan, ba don an shige ta ita ba, wani kamfani da ke kawo mata sassan roba aka yi wa kutse. A 2021 kamfanin nama na JBS ya biya dala miliyan 11 kuɗin fansa. A Satumban 2025 Jaguar Land Rover a Ingila ta yi sama da wata guda ba ta ƙera mota ba. Tun 2010 ma aka ga cutar Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran alhali allon masu lura yana nuna komai lafiya, kuma ana ganin ta filas ta shiga.

Mai Naɗin Kwayil, Tudun Wada:
'Yata, wa zai bar Toyota ya zo kan injin casa a Gombe?

Ɗaliba, Kashere:
Baba, ba zaɓe suke yi ba. Manhaja ce ke bin intanet dare da rana tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa, wadda ta samu a buɗe ta shiga, ba ta san Gombe ba ta san Tokiyo ba. Kuma mafi kusa da mu ba ma wannan ba ne. Yaro ne zai ga ramin USB a jikin fanel ya sa wayarsa caji, ko ya sa filas ɗin da ya ɗauko fim da shi a kasuwa. Ko lambar sirrin da aka zo da ita daga kamfani, 1234 ko 0000, ta shekara uku ba a canja ba, duk wanda ya taɓa aiki a wurin ya san ta har wanda aka sallama cikin fushi.

Abin da zan roƙi Baba Mai Casa ba ya cin kuɗi: a zare wayar intanet daga injin, ba a mayar ba sai ranar da shi da kansa ya kira su, yana tsaye, in sun gama a sake zarewa. Kada injin ya hau layi ɗaya da wayoyin ma'aikata. A toshe ramukan USB.

Injiniya, Bauchi:
Ƙanwata ta gama magana. Zan ƙara ɗaya: duk layin da zai tsaya in intanet ta ɗauke, kada ka saye shi. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kodebuwa, bankuna ma suka rikice. Ballantana mu da ake haƙa kwalbati a tsinke waya a wuni ba sabis. Tunanin injin ya zauna a cikin fanel ɗinka. Abin da zai fita waje rahoto ne kawai, in ya samu hanya ya tafi, in bai samu ba aiki ya ci gaba.

Sannan ka tambaye su, bayanan da injin ke turawa na waye? Tan nawa kake casa a rana, wane wata kake tsayawa, duk suna gani. Wakilin da ya sayar maka shi ne ya sayar wa maƙwabcinka.

Bappa, Bajoga:
Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka. Kin tuna mini wani abu da na ji, ki gyara mini in na yi kuskure. An ce wani kamfanin gorar ruwa a Turai da aka rufe masa kwamfutoci sai da tsofaffin ma'aikata suka dawo.

Ɗaliba, Kashere:
Haka ne Bappa, Norsk Hydro ne na ƙasar Nowe, masu sarrafa alminiyom, a Maris 2019. Sun ƙi biyan fansa, suka koma aiki da hannu da takarda da biro, kuma waɗanda suka yi ritaya sun dawo sun taimaka domin su suka san yadda ake tafiyar da injinan ba kwamfuta.

Bappa, Bajoga:
To wannan shi ne abin da ke hana ni barci in na tuna. Mu a zamaninmu sukundireba muke ɗorawa a jikin gidan boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansu, mu kafa kunne a kan mariƙin, mu ce wannan saura mako biyu ya tafi. Ka shafa bayan hannu a jikin mota ka san ta sha kaya fiye da ƙima. Ka dubi kalar hayaƙi ka san abin da ke cikin wuta. Da aka kawo alluna, na ga yaran da suka zo bayanmu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba, amma in allo ya ce lafiya to lafiya ne a wurinsu, ko da ƙauri na dukan hanci. Wata rana na'urar auna zafi ta saki daga mazauninta tana auna iska, allo yana nuna sanyi, boris yana ci. Wani tsohon leburan da bai iya karatu ba ne ya zo ya ce akwai wari. Da ba a saurare shi ba da an yi asarar da ba a manta ta.

Alhaji, kai ma kana da irin wannan mutumin. Mai turara maka shinkafa, wanda zai ɗauki ƙwaya ya ciza ya ce ta bushe ko da saura. Na'ura za ta ce maka laima kashi 14 cikin ɗari, shi kuma haƙorinsa zai faɗa maka ko na'urar ta fara ƙarya. Kada ka bari layin da za a kawo ya raba ka da shi, kuma ka haɗa shi da yaro mai karatu su riƙa koya wa juna.

Malamin Kwaleji, Bauchi:
Bappa ya taɓo inda mu malamai ke da laifi. Muna yaye ɗalibai masu iya zana da'irar lantarki a takarda, da yawansu ba su taɓa buɗe fanel mai rai ba. Ga jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bauchi, ga jami'ar jiha a Gombe da ta tarayya a Kashere, kowace shekara yara na neman wurin sanin makamar aiki suna ƙarewa a ofis suna ɗaukar fayil. Ku masu injina ku buɗe musu ƙofa. Ranar da injiniyan kamfani zai zo ɗaura inji, a tsayar masa da yara biyu ko uku daga buɗe akwati har kunnawa, a rubuta haka cikin ciniki. Gwamnatin Gombe na gina dandalin masana'antu a Dadin Kowa, in ya cika da irin waɗannan injina wa zai riƙa duba su? In har kullum sai an ɗauko mutum daga Legas a jirgi an kama masa otal don ya canja fis, ba mu je ko'ina ba.

Mai Naɗin Kwayil, Tudun Wada:
Malam, in za a koyar har da mu a sa. Ina da yara shida a shago, biyu sun gama sakandare, hannunsu na da kyau. Na faɗa wa Alhaji ya tsaya ne don ina ganin abin ya fi ƙarfinmu. In akwai mai nuna mana yadda ake auna waɗannan alluna a gane abin da ya mutu, ba mu ƙi ba. Masu gyaran waya a kasuwa ai ba a haife su da iyawa ba, ga shi suna ɗaga ƙananan kaya da iska mai zafi suna mayarwa.

Adda Mai Ruwa, Yelwa:
Ni shawarata ga Alhaji kada ya haɗiye duka a loma ɗaya. Ko mai kamfanin Tesla a 2018 ya fito ya amsa cewa sun yi kuskuren cika injina masu sarrafa kansu a layin motarsu, sai da suka cire wasu suka mayar da mutane. Ka duba inda kake zubar da kuɗi tukuna. In a awo ne, sa ma'auni mai rubuta kowane buhu. In a busarwa ne shinkafa ke karyewa, sa na'urar laima da zafi a nan kaɗai. Kowanne ya zama yana da makunnin da za a juya a koma hannu. Ka yi shekara kana gani, abin da ya biya kansa ka ƙara.

Mai Casa, Gombe:
Jama'a Allah ya saka wa kowa da alheri. Tun da Injiniya ya yi maganar kwamfiresa na tashi na je na buɗe ƙasan tankin da kaina. Ruwan da ya fito ya kusa cika robar fenti, ja da tsatsa. Wata takwas ba wanda ya taɓa buɗe shi don ba wanda ya ce mana a buɗe. Wayar intanet ɗin ma na zare ta, tana cikin aljihun motata yanzu haka.

A busarwa nake asara, Adda, kin canka. Zan ce musu wannan ɓangaren kaɗai nake so a bana, da sharuɗɗan da Injiniya ya lissafa a rubuce, in sun ƙi in nemi wasu. Malam, turo mini yara biyu, akwai ɗaki a bayan sito. Mai Naɗi, kai ma kawo naka biyun ranar da za a buɗe fanel. Injiniya, in Asabar ta yi maka zan aiko mota ta ɗauko ka daga Bauchi, ka duba min wutar gidan gaba ɗaya kafin in sa hannu a komai.

Injiniya, Bauchi:
Asabar ta yi, Alhaji, in Allah ya kai mu. A ajiye mini takardun injin duka har na cikin akwati, da rasit ɗin man janareta na wata uku. Bappa, in jiki ya yarda a biyo ta Bajoga a ɗauko ka, ina so ka saurari motocin kafin in ɗora musu na'urata.

Bappa, Bajoga:
Zan zo. A ce wa mai turarar kada ya je ko'ina ranar.